Tsohon madubin likita: Abin dubawa kafin a miƙa shi ga 'yan gwangwan

A watan Afrilun 2009, kamfanin gwanjo na Christie's da ke Landan ya sayar da wani ɗan ƙaramin madubin likita na azurfa a kan sama da fam 300,000. Antonie van Leeuwenhoek na garin Delft a ƙasar Holan ne ya ƙera shi, mutumin da ya fara ganin ƙwayoyin bakteriya a shekarun 1670.

Masu tara irin waɗannan kayan tarihi ba gangar jikin na'urar kaɗai suke nema ba. Suna duba ƙananan kayan da ke tare da ita: akwatin katako, gilasan da ake ɗaurawa a cire, madubin da ke ƙasa, da tsofaffin gilasan shimfiɗa samfuri masu rubutun hannu. Idan ɗaya ya ɓata, farashi ya faɗi.

A Gummi, Anka da Bukkuyum, inda zazzaɓin cizon sauro ke tsananta kowace damina, darajar waɗannan kayan ta wuce ta gwanjo. Da madubin likita ne Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880, kuma har yau Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a tabbatar da cutar ta madubi ko gwajin gaggawa kafin a ba da magani.

Yankin ya san illar yin magani a kan zato. A 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Madubi ba ya nuna dalma, amma yana iya nuna cewa babu ƙwayar zazzaɓi a jini, sai ma'aikacin lafiya ya nemi dalili a wani wuri.

Tsohon samfuri yana da wata fa'ida a ƙauyen da babu wutar lantarki: madubin ƙasansa hasken rana yake tarowa. Gilashin da ke ƙara girma sau 100, wanda ake ɗiga wa mai, shi ake buƙata don ganin ƙwayar zazzaɓin. In waɗannan biyun na da lafiya, sau da yawa gogewa da ɗan gyara kawai na'urar ke jira.

Ɗan gwangwan kuwa nauyin tagulla zai auna, gilashin ya jefar.

Saboda haka duk makaranta ko asibitin da ya tsinci tsohon madubi a sito, ya rubuta sunan kamfani da lambar da ke jikinsa, ya haɗa kayansa wuri guda, ya adana shi inda babu laima, domin fumfuna na lalata gilashi. Sannan a kira ma'aikacin ɗakin gwaji ya duba. Wanda ya gyaru ya koma aiki, wanda bai gyaru ba a bar wa ɗalibai su ga yadda aka faro.