Farin Garin da Ke Cikin Kowace Waya

Duk mai gyaran waya ya san su: ƙananan ƙwayoyi masu launin ƙasa-ƙasa a jere kan allon lantarki, wasu ko ƙwayar gero ba su kai ba. Su ne kafasita, masu riƙe wuta na ɗan lokaci su sake ta idan an buƙata. Wayar zamani takan ɗauki kusan dubu, motar lantarki kuwa dubbai. Mafi yawansu tangaran ne, kuma asalin tangaran ɗin wani farin gari ne da ake kira bariyam titanet.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fito da shi fili. A lokacin, da ma'adinin maika ake yin kafasita masu inganci, mafi yawansa daga Indiya, yaƙi kuma ya sa jigilarsa ta yi wuya. A farkon shekarun 1940 masana a Amurka da Japan da Tarayyar Sobiyet, kowa a ɓangarensa, suka gano cewa wannan sinadari yana riƙe wuta fiye da maika ninkin-ba-ninkin. A Mosko, Wul da Goldman ne suka buga sakamakonsu a 1945.

Sirrin yana cikin tsarin ƙwayar. A zafin ɗaki, zarrar titaniyam ba ta zama daidai tsakiya, takan ɗan goce gefe, ginin ƙwayar kuma ya miƙe ta fuska ɗaya da kimanin kashi 1 cikin 100. Wannan 'yar gocewar ce ke ba shi ƙarfi. Da zafi ya haura digiri 120 ko sama kaɗan, sai ginin ya daidaita ta ko'ina, halin nan ya ɓace.

To me ya kawo maganar niƙa shi har ya zama ƙura? Kamfanoni irin su Murata da TDK na Japan da Samsung na Koriya ta Kudu suna jera faifan tangaran da faifan ƙarfen nikel bi da bi, ɗaruruwa a cikin kafasita guda. Iya sirancin faifai, iya yawan wutar da zai riƙe. Yau ana yin faifan da bai kai maikiromita 1 ba, wato milimita an raba ta gida dubu. Irin wannan faifai ba ya yiwuwa sai da garin da ƙwayoyinsa ke tsakanin nanomita 100 zuwa 200, ko ma ƙasa da haka.

Tsohuwar hanya ita ce a gauraya bariyam kabonet da titaniyam dayoksaid a gasa su a zafin da ya wuce digiri 1,000. Tana da araha, sai dai ƙwayoyin kan fito manya, ba su daidaita ba, dole a sake niƙa. (Bariyam ɗin kansa daga dutsen barait ake samunsa, irin wanda ake haƙowa a Azara ta Jihar Nasarawa, ko da yake namu aikin haƙar mai aka fi nema da shi.) Hanyar da ta fi dacewa da ƙananan ƙwayoyi ita ce dafawa da ruwa: a zuba sinadaran a tukunyar ƙarfe mai rufi gam, a ɗaga zafi zuwa digiri 100 ko 200 da wani abu, matsi ya taru, ƙwayoyin su tsiro a hankali kusan kai ɗaya. Kamfanin Sakai na Japan ya yi suna a wannan.

Amma fa ƙanƙanta ma tana da iyaka. Masana sun daɗe da lura cewa tangaran ya fi riƙe wuta idan ƙwayoyinsa na kusa da maikiromita 1. Idan suka yi ƙasa sosai, miƙewar nan ta kashi 1 takan ragu, ƙarfin ya bi ta. Garin da aka dafa da ruwa kuma yakan ɓoye ragowar ruwan a cikinsa, wanda ke barin ƙananan ramuka bayan gashi. Iskar kabon ma takan shiga ta mayar da wani bariyam ɗin kabonet.

Shi ya sa awo ya zama rabin aikin. Ana haska garin da hasken eksire a duba yadda ya watsu. Faɗin layukan da suka fito yakan nuna girman ƙwaya, ta lissafin da Paul Scherrer ya fitar a 1918. Madubin ilektron yana nuna siffar ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Matsalar ita ce a garin da ya yi laushi ƙwarai layukan eksire kan haɗe, har ya yi kamar gocewar ta tafi baki ɗaya. A nan ake komawa ga hasken leza da dabarar da C. V. Raman na Indiya ya gano a 1928, domin ita takan tona gocewar titaniyam ko da eksire bai gan ta ba.