Abin da ke kai matan birni ga haihuwa ta tiyata

A makon jiya wata mai cikin wata bakwai ta shigo kantinmu na magani a Agege neman maganin ciwon kai. Da na ga ƙafafunta sun kumbura, sai na zaunar da ita na gwada jininta: 160 bisa 110. Ba ta taɓa zuwa awo ba. Dalilinta kuwa, a cewarta, "da ka je asibiti sai su ce za su yi maka aiki." Ban ba ta maganin ba, asibitin na tura ta.

'Yar uwa, gaskiya ne matan birni sun fi na karkara haihuwa ta tiyata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan haihuwa 3 cikin 100 ce ake yi ta wannan hanya a Najeriya, amma a birane ta kai kusan 5. Wani ɓangare na wannan alheri ne, domin asibiti na kusa. Ɗaya ɓangaren kuma zamanmu ne ya jawo.

Mu fara da ƙiba. A birni zama ya yi yawa, daga Keke Napep sai kujera, ga lemon kwalba da taliyar yara. Ƙiba tana jawo ciwon suga na masu ciki, sugan kuma shi ke ƙosar da jariri har ya haura kilo 4, ya gagara bi ta ƙugu. A nan dole in yi maganar "sha ka fashe". Wasu daga cikin ƙwayoyin ƙibar da 'yan mata da amare ke sha suna ɗauke da dexamethasone, wanda ke tayar da suga da hawan jini. Kusan kullum sai an tambaye ni shi, kuma ba na sayarwa.

Hawan jini ya fi ba ni tsoro, domin ba ya sallama. Idan ya kai 140 bisa 90 a lokacin goyon ciki, yana iya kaiwa ga jijjiga, sai a ciro jariri cikin gaggawa. Idan dama kina shan magani irin su lisinopril ko losartan, ki gaya wa likita tun kafin ki ɗauki ciki ko da zarar kin ga ɓatan wata, a sauya miki da methyldopa ko nifedipine. Kada ki daina da kanki, kada kuma ki ari na maƙwabciya.

Akwai waɗanda ba laifin kowa ba ne: haihuwar fari bayan shekara 35, tagwaye, jariri ya zo ta ƙafa ko ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa. Hoton ciki yana nuna yawancinsu tun da wuri.

Sai batun hanzarta naƙuda. Wasu na sayen misoprostol ko allurar oxytocin a kemis, a yi musu a gida. Magunguna ne masu ceton rai a hannun ƙwararru, amma idan aka zarce ƙima sai mahaifa ta riƙa matsewa ba hutu, jariri ya galabaita, wani lokaci ma mahaifar ta fashe. Mai gudun aiki sai ta ƙare da aikin da ya fi wanda ta guda girma. Haɗarin ya fi yawa ga wadda aka taɓa yi wa tiyata. Irin wannan ta ba da tazarar shekara biyu kafin wani cikin, kuma ta haihu a asibitin da ke da ɗakin tiyata. Wasu da dama suna haihuwa da kansu bayan aiki ɗaya, amma likita ne zai tantance.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko cikin watanni ukun farko. Idan kuɗin aiki ne ke hana ki, a watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ki tambaya a wurin awonki ko asibitin yana cikin shirin, ko su faɗa miki wanda ke kusa.