Jirgin Kaya da Mai Ɗaukar Hotonsa

Mutumin Shagari ko na Boɗinga, wanda ya buɗe ido ya tarar manyan motoci ne ke ratsa garinsu dare da rana bisa hanyar Sakkwato zuwa Jega, ɗauke da siminti da albasa da shanu, lalle zai yi ta'ajibi in aka ce masa a Ingila akwai masu yini a bakin dogo da kyamara, don kurum sun ji an karkato wani jirgin kaya daga babban layinsa, saboda gyaran gada ko ambaliya, za a biyo da shi ta ƙaramin layin da bai saba bi ba. Su a wurinsu wannan ganima ce, domin mai yiwuwa irin taragun nan ba su ƙara biyowa ta nan.

Ta'ajibin nasa da hujja, gama dogo bai taɓa taka birnin Shehu ba. Ya isa Kano a 1911, amma reshen da ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, saboda haka gyaɗa da auduga da fatun jar akuyar Sakkwato, waɗanda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko alhali a nan aka yi kiwonsu, sai da suka sha tafiya bisa raƙuma da jakuna, daga baya a mota, kafin su ga tarago. Wanda ke son sanin yadda wannan fatauci ya gudana, bayan dattawan da suka shaida shi sun riga mu gidan gaskiya, hoto zai nema: dalar gyaɗa a Kano, ga leburori da buhuna a ka, ga taragu jere suna jiran lodi. Siririn layin da ya haɗa Zariya da Jos ma, wanda aka rufe a 1957, galibi a hoto ake ganinsa yau.

Sai dai hoton da ba a rubuta ranarsa da wurinsa ba, a ra'ayina, tamkar riwaya ce marar isnadi, ana kallonta da sha'awa amma ba a kafa hujja da ita. Ya kamata mai ɗauka ya rubuta sunan tasha, da lambar kan jirgin, da abin da aka ɗauko, da dalilin biyowarsa ta nan in ya samu. Ya nemi izinin shugaban tasha, kuma ya nisanci ƙarfen dogo, domin jirgi mai lodi ba ya tsayuwa nan take ko da direba ya ja birki.

Ga dama kuwa ta samu ga matasanmu masu waya a aljihu, tun da aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.