Cadillac ta 1959: Tsohuwar Motar da Ake Tsayawa Kallo

A cikin tsofaffin motocin Amurka da akan ci karo da su jefi-jefi an ajiye a bakin titi, babu wadda ta kai Cadillac ƙirar 1959 saurin ganewa, domin tun daga nesa ake hango fikafikai biyu da suka miƙe a bayanta, kowanne ɗauke da jajayen fitilu biyu masu tsini kamar harsashi. Waɗannan fikafikai, da ba su da wani aiki illa ado, sun fito ne daga sashen zane na kamfanin General Motors ƙarƙashin Harley Earl, inda aka kwaikwayi wutsiyar jirgin yaƙin nan P-38, aka fara ɗora su 'yan ƙanana a kan Cadillac ta 1948, suka yi ta girma har suka kai maƙura a 1959, daga nan aka shiga rage su.

Wanda ya matso kusa zai ga gilashin gaba ya lanƙwaso har gefe, bamba da bakin motar sun sha kurom, wato farin ƙarfe mai ƙyalli da mutum ke ganin fuskarsa a ciki, tsawonta kuwa ya kai mita 5.7. Injinta V8 ne, ma'ana silinda takwas da aka jera sahu biyu cikin siffar harafin V. Mafi wuyar samu a cikin motocin Cadillac na 1959 har da Eldorado Biarritz mai rufin da ake naɗewa, wadda guda 1,320 kacal aka ƙera a waccan shekara.

Tsatsa ce ta cinye da yawa daga motocin wancan zamani, musamman a jihohin arewacin Amurka da ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sannan tsadar mai ta 1973 ta sa jama'a suka juya wa manyan motoci baya, masu yawa suka ƙare a hannun 'yan gwangwan. Waɗanda suka tsira kuwa masu su na killace su a gareji, shi ya sa ganin ɗaya a titi ke tara jama'a.

Birnin Habana na ƙasar Kuba ne ya fita daban, domin bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar, sababbin motocin Amurka da kayan gyaransu sun daina shiga, sai kanikawa suka riƙa raya tsofaffin Chevrolet da Ford da Buick da duk abin da hannu ya samu, har yau ana haya da su. Wannan ƙwazo abin jinjinawa ne, sai dai da yawansu injin dizal na wata mota ke ciki, don haka masana ba sa yanke hukunci daga fenti sai sun buɗe bonet sun duba lambar inji, kuma wadda ke ɗauke da injinta na asali ita ta fi daraja a kasuwa.