Facin Gefen Taya: Ina Gaskiya, Ina Zancen Tasha?

Maganganu biyu ne ke yawo a tashoshin mota da rumfunan masu faci game da tayar da ƙusa ta huda kusa da gefe. Wasu na cewa babu hujin da ba ya facuwa in dai an samu gwani. Wasu kuma, galibi masu sayar da taya, sun ce da zarar ƙusa ta shiga, tayar ta gama yawo, sai dai a sayi wata. Kowane ɓangare na da 'yar gaskiyarsa, kowanne kuma ya cuɗa ta da son ciniki. Abin da ke raba gardama shi ne inda ƙusar ta shiga, da abin da ke ƙarƙashin robar a daidai wurin.

Kusan duk tayar ƙaramar mota a yau irin ƙirar nan ce da kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946. A ƙarƙashin zanen da ke taka kwalta akwai ɗamarar wayoyin ƙarfe da ke hana wurin motsi sosai. Gefen taya, inda ake rubuta suna da lamba, ba shi da wannan ɗamara. Roba ce marar kauri da zaruruwa a cikinta, an yi ta ne don ta riƙa lanƙwasawa, ta shanye gargadar hanya. Tsakanin su biyun akwai kafaɗa, inda ɗamarar ta ƙare, kuma tana cikin wuraren da suka fi ɗaukar zafi idan mota na gudu.

To, a duba yawan lanƙwasawar. Taya mai lamba 195/65 R15, irin ta Corolla da ire-irenta, kewayenta ya kusa mita 2. Wato tana juyawa kusan sau 500 a kowace kilomita, kuma a kowane juyi gefen nan sai ya lotsa ya miƙe. Daga Kano zuwa Kaduna ya yi haka fiye da sau 100,000. Facin da aka manna a nan tamkar filasta ne a gwiwar hannu: kana zaune yana nan daram, ka fara aiki ya fara ɗagowa.

Saboda haka, maganar cewa kowane huji na facuwa ba gaskiya ba ce. Ƙa'idar da ƙungiyar masu ƙera taya ta Amurka ta shimfiɗa ita ce a yi faci a kan zane kawai, kuma kada faɗin hujin ya wuce milimita 6. A Birtaniya ma ma'aunin da ake bi ya taƙaita ƙaramin faci ga tsakiyar zanen, ya fitar da kafaɗa da gefe. A aikace, idan ƙusa ta shiga tsakanin manyan kwaruruwan da suka zagaye taya, akwai fata. Idan ta shiga bayan kwarin ƙarshe, wajen da taya ta fara gangarawa, an shiga yankin da ba a yarda da shi ba.

Haka ita ma maganar mai shago cewa duk hujin ƙusa ya kashe taya, ba ta da tushe. Ƙusa a tsakiya, taya da sauran zanenta, ba a taka ta babu iska ba, wannan faci ne mai kyau, kuma yana iya kai tayar ƙarshen rayuwarta.

Inda aka fi ruɗar mutane shi ne wajen gwaji. Mai faci ya gama aiki, ya ɗura iska, ya tsoma tayar a cikin rabin duro na baƙin ruwa yana jujjuya ta, ko ya shafa ruwan omo a wurin. Babu kumfa. Sai ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, duba da idonka, ko Legas za ka je da ita." Ba ƙarya yake yi ba, iska ba ta fita. Amma ruwan duro iska kawai yake gwadawa. Bai san komai ba game da zaruruwan da ƙusa ta tsinka, kuma su ne ke riƙe nauyin mota. Sholisho da roba suna toshe kafa, ba sa ƙulla zaren da ya yanke. Taya a tsaye cikin ruwan sanyi daban take da taya a kan kwaltar watan Afrilu, da fasinja shida da buhu a but.

Wannan ce kuma amsar masu cewa a zura tiyub a cikin tayar tublas, magana ta ƙare. Tiyub zai riƙe iska, raunin gefen kuwa yana nan yadda yake. Ƙari ma, cikin tayar tublas ba a yi shi don tiyub ba, gogayyar da ke tsakaninsu na ƙara zafi, kuma ranar da tiyub ya fashe iska kan fice gaba ɗaya a lokaci guda.

Masu cewa sun ga an gasa gefen taya da wuta ta yi shekaru tana aiki, a nan akwai ƙamshin gaskiya. Ana yi wa manyan tayoyin tirela da tarakta da motocin aikin hanya irin wannan gyara, inda ake yanke wurin da ya lalace, a sa faci mai zaruruwa a jikinsa, a gasa da na'ura mai auna zafi da matsi. Aiki ne na ƙwararru, kuma shi ma yana da iyakar girman raunin da yake karɓa. Ba shi ne gashin da ake yi a bakin titi da guntun tsohon tiyub da ƙarfe mai zafi ba. Ga tayar ƙaramar mota mai gudun kilomita 100 a awa, masu ƙera ta ba su amince da facin gefe ba.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce shawarar nan ta "mayar da ita baya". Ana ganin kamar tayar gaba ce kaɗai ke da haɗari tunda ita ke bin sitiyari. Alhali idan ta gaba ta fashe, direba na da sitiyari a hannu yana kokawa da shi. Idan ta baya ce, gindin motar ne ke kwashewa, kuma da an taka birki da ƙarfi sai ta juya. Shi ya sa kamfanonin taya ke cewa a sa mafi lafiya a baya. Haɗarin da ya kashe ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, a watan Maris na 2016, daga fashewar tayar baya ya faro, kamar yadda binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ya nuna. Ba zancen faci ba ne a can, amma ya isa shaida cewa baya ba wurin ɓoye gurguwar taya ba ne.

Sai igiyar robar nan da ake cusawa daga waje da tsinke ba tare da an kwance taya ba. Tana fitar da mutum daga daji, amma ba ta cika gyara ba, ko da a tsakiya ne. Gyaran kirki sai an cire taya daga rim, an leƙa cikinta, an cike ramin, an kuma manna faci ta ciki. Leƙawar nan ba ɓata lokaci ba ce. Tayar da aka taka babu iska, ko na ɗan gajeren zango, takan cinye kanta ta ciki. In ka ga baƙin garin roba ya taru a ciki, ko wani zobe ya zagaye gefen, ta tashi daga aiki komai ƙanƙantar hujin.

Ƙulun da ke fitowa a gefe bayan an faɗa rami shi ma ba ya gyaruwa, domin zaruruwa ne suka tsinke iska ta turo roba. Amma ƙujewar da taya kan yi idan ta gogi bakin kwalbati, matuƙar ba ta yi zurfi ba kuma zare bai leƙo ba, ba ta hana amfani. Wani lokacin ma kumfar da ake gani a gefe daga bawul take ko daga rim da ya lanƙwashe, tayar kanta lafiya lau. A duba wannan kafin a jefar da dukiya.

Na san abin da ke sa mutane rungumar facin gefe. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas ba da jimawa ba, daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala. Direban haya da ke neman kuɗin balas ba zai ji daɗin a ce masa ya yar da tayar da zanenta ke sabo ba. In ya koma ga ta hannu, ya duba lambobi huɗun da ke ƙarshen rubutun DOT a gefe: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Ya kuma shafa cikinta da hannu, don wasu an riga an yi musu facin gefen kafin su iso kasuwa.

Wanda kuma abin ya ritsa da shi a hanya babu safaya, facin gefen zai iya kai shi gari na gaba, a hankali, an rage kaya, yana tsayawa yana dubawa. Da ya isa, a sauke ta, kuma kada a ajiye ta a but da sunan safaya.