Fot a ƙirjin mai cutar daji: amfaninsa da kulawar da yake bukata

Duk wanda ya taɓa raka mai cutar daji ɗakin ƙarin magani ya san inda wahala take farawa: wajen neman jijiya. A zuwan farko ma'aikaciyar jinya kan same ta nan take. Kafin a kai zagaye na huɗu ko na biyar, jijiyoyin bayan hannu sun taurare, wasu sun ɓuya, sai an soka an sake sokawa. Matar da ta taso daga Karaye da asuba, ta bi ta Jega zuwa Birnin Kebbi, ko ta zarce asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga gajiyar mota, ga wannan kuma yana jiranta.

Ba laifin mai sokawa ba ne. Magungunan cutar daji, wato kemo, suna da kaifi. Doxorubicin, jan maganin nan da ake yawan bai wa masu dajin mama, idan ya tsiyaya daga jijiya ya shiga tsoka, yakan ci naman wurin, ya bar gyambon da zai ɗauki watanni, wani lokaci har sai an yi tiyata. Wadda aka cire wa kaluluwar hammata kuwa, likitoci kan kauce wa hannun wannan ɓangaren gudun kumburi. Hannu ɗaya ke nan ya rage.

Wannan ya sa tun 1982 likitoci a Amurka suka fara dasa 'yar na'urar da ake kira fot. Faɗinta kusan santimita 3 ne, samanta roba ce mai laushi, kuma ana saka ta ƙarƙashin fata a saman ƙirji. Daga jikinta wani siririn bututu yake shiga babbar jijiyar wuya, ya gangara har kusa da zuciya. A can jini na gudu da yawa, maganin sai ya sirke nan da nan, kamar an zuba kofin rini a Gulbin Zamfara da damina.

Aikin yakan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya. Galibi ba a sumar da mutum, allurar kashe zafi ake yi a wurin. Zai ji ana dannawa ana ja, amma ba zafin yanka ba, kuma yawanci a ranar yake komawa gida bayan hoton ƙirji ya nuna bututun ya zauna daidai. Wuya da kafaɗa kan yi tsami na 'yan kwanaki. Idan rauni ya warke, ba abin da ya rage sai ɗan tudu. Wanka, alwala da salla duk babu abin da zai hana, domin komai a rufe yake cikin fata. Na'urar na iya zama shekaru, kuma ana cire ta idan jinya ta ƙare.

Ina so dangi su ji wannan da kyau: dasa fot ba alama ce ta cewa ciwo ya gagara ba. Tanadi ne don a kammala magani da hannuwa lafiya. Kuma wannan tudun ba ƙari ba ne, kada a kai shi wurin wanzami, kada a yi masa tsaga ko ƙaho.

Sai dai fot yana da sharaɗi. Da allurarsa ta musamman ake soka shi, mai suna Huber; allurar yau da kullum yaga robar take yi. Idan an daina amfani da shi, ana bukatar wanke shi da ruwan gishirin asibiti duk bayan 'yan makonni don kada ya toshe. Kuma da yake ƙofa ce kai tsaye zuwa jini, ƙwayar cuta ma na iya bi ta nan. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, rawar sanyi, ja ko mugunya a wurin, kumburin hannu ko wuya: a tafi asibiti a ranar. Mu nan duk zazzaɓi maleriya muke ce masa, mu aika kemis. Ga mai kemo, wannan jinkiri na iya cin rai.

Jihar Kebbi ba baƙuwa ba ce a wannan yaƙi. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, uwargidan tsohon gwamnan jihar, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, ita aka zaɓa a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta duniya, UICC. Roƙona ga ma'aikatar lafiya ta jihar shi ne ta horar da ma'aikatan jinya a manyan asibitocin Jega, Aliero da Maiyama kan kula da fot, ta kuma ajiye musu allurarsa, don kada wankin 'yan mintuna ya ci wa mara lafiya kuɗin mota da yini guda. Kai kuma mai jinya, kafin a fara kemo, tambayi likita ko fot ya dace da majinyacinka, nawa ne kuɗinsa, kuma a ina za a riƙa wanke shi.