Kalmar "Kunya" da Takwarorinta na Ingilishi: Matsalar Koyarwa a Karkarar Kano

A laccarsa kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya lasafta kunya cikin halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su, tare da irin su gaskiya da amana da haƙuri. Hadisi ma ya sanya ta cikin rassan imani. Watau a Hausa kunya abin yabo ce tun kafin ta zama abin gudu. A nan ne malamin Ingilishi yakan yi tuntuɓe, domin "shame", wadda aka saba fassara kunya da ita, a yau ta fi karkata ga zafin da mai laifi ke ji.

Alal misali, a gidajen manoma irin na Rimin Gado, bisa hanyar Kano zuwa Gwarzo, uwa takan sakaye sunan ɗanta na fari, suruki kuma ba ya cin abinci gaban surukarsa. In ɗalibi ya mai da "tana kunyar ɗan farinta" zuwa "she is ashamed of her first son", to ya juya zancen, gama Bature zai ɗauka ɗan ya jawo mata abin faɗa ne. Kalmar da ta fi kusa a nan ita ce "reserve".

Saboda haka ya kamata a rarrabe wa ɗalibai gidajen kalmar. Kunyar yaro gaban baƙo "shyness" ce. Ta kamun kai "modesty". Ta wanda ya yi suɓutar baki cikin taro "embarrassment". Abin kunya da ya fito fili har ya zubar da mutuncin gida shi ne "disgrace". Tozartawa kuwa, wadda wani ke yi wa wani da gangan, "humiliation" ce. A "shameless" ne harsunan biyu suka haɗu sosai, don tana daidai da "marar kunya". Can tsohuwar ma'anar "shame" ta yabo ta saura.

Matsalar ba ta Hausawa ce kaɗai ba. Binciken Li da Wang da Fischer na 2004 ya tattaro kalmomin kunya 113 a Sinanci, kuma daga Sinanci Ingilishi ya aro "lose face" a ƙarni na 19. Hausa ma tana da "cin fuska", sai dai shi aikin mai tozartawa ne, alhali "lose face" halin wanda girmansa ya zube ne.

Malamin da ya tsaya ga kalma ɗaya ta ƙamus zai koya wa yara, ba da saninsa ba, cewa halin da iyayensu ke yabo aibi ne.